Ƙanshin Kan Ɗanta

Tun tana jami'a yayanta ya laƙaba mata Likitar Tsutsa, sunan kuma ya bi ta har gidan miji, sai dai a can an gajarce shi ya koma Dakta. Ba ta taɓa duba mutum ba. Aikinta a wani ɗakin bincike ne, a hawa na uku na wani tsohon gini, inda ake kiwon wasu ƙananan tsutsotsi a cikin farantan roba masu murfi. Tsutsar ba ta kai rabin gashin ido ba, sai an karkata farantin wajen haske kafin a ga motsinta. Jikinta garau yake kamar gilashi, don haka in an sa ta ƙarƙashin madubin ƙara girma ana ganin komai nata, har ƙwayoyin jijiyarta, waɗanda ba su wuce ɗari uku da 'yan kai ba.

Abin da Dakta ke bi shi ne yadda tsutsar ke jin ƙanshi. Tsutsa ba ta da hanci, amma a bakin kanta akwai 'yan ƙwayoyin jijiya da ke wannan aiki. A cikinsu akwai wasu guntattakin saƙonni da ake kira maikro-RNA, waɗanda aikinsu su sa wasu ƙwayoyin gado su yi shiru in lokacin shirunsu ya yi. Waɗanda Dakta ke aiki a kansu guda uku ne, dangi ɗaya, masu kama da juna kamar 'yan ɗaki guda. Ta cire na farko daga jikin tsutsa, tsutsa ta ci gaba da harkarta. Ta cire na biyu, ko gezau. Ta daɗe tana fama ta haɗa tsutsar da ba ta da ko ɗaya cikin ukun, ta ga abin da zai faru.

Gwajin ba shi da wuya. A ɗiga ruwa mai ƙanshi a gefe ɗaya na faranti, a zuba tsutsotsi a tsakiya, a rufe, a je a sha shayi. In an dawo, lafiyayyu sun taru cunkus a wajen ɗigon.

Mijinta gyaran firiji yake yi da na'urar sanyaya ɗaki. A ɗakin binciken ma suka haɗu, ranar da babban firijin da ake daskarar da tsutsotsi ya fara kuka. Ya zo ya gyara, ya tambaye ta me aka ɓoye a ciki da kowa ya rikice haka. Da ta ce tsutsa ce, kuma in an fito da ita ta narke sai ta tashi ta ci gaba da tafiya, ya yi dariya har sai da ya ajiye sifana. Tun daga ranar take ce masa Mai Firiji.

Cikinta na fari ya tsufa lokacin da mura ta kama ta, irin mai kwantar da mutum da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Ta warke, hanci ya buɗe, ta koma aiki tana jan ƙafa. Ran nan da hantsi tana shirya gwaji, kwalbar ƙanshin ta kuɓuce mata ta fashe a ƙasa. Ruwa ne da in an tsarma shi yake ƙanshin man shanu, amma in ya zube da kaurinsa sai ya tayar wa mutum da zuciya. Abokiyar aikinta, wadda kowa ke kira Doguwa, ta zabura daga kan madubinta ta toshe hanci da hannun riga.

"Wayyo Allah! A buɗe taga! Ke fita daga nan, da cikinki!"

Dakta na tsaye tana kallon ruwan yana bin layin tayil. Ta ja numfashi. Ta sake ja. Iska ce kawai, mai ɗan sanyi.

"Wai ba ki ji ba ne?" in ji Doguwa daga bakin taga.

"Ban ji ba."

"Kar ki yi min wasa."

"Wallahi ban ji komai ba."

Da ta koma gida sai ta bi ɗaki ɗaki tana buɗe abubuwa: sabulu, kwalbar turare, albasa, garin kofi. A ƙarshe ta ɗauko takalmin aikin Mai Firiji ta kai hanci.

"In wannan bai tashe shi ba," in ji shi, "lallai abin babba ne."

Suka yi dariya. Dukansu sun ɗauka kwana biyu ne.

Ta haifi namiji, ƙato, da gashi cike da kai. Hannayensa kullum a dunƙule, don haka aka riƙa ce masa Dunƙule, ban da kakarsa ta wajen uba, wadda suke kira Mama. Ita ta zo da akwatinta ta zauna da su, kuma a bakinta yaron ba shi da wani suna sai "mijina".

Duk wanda ya zo barka abu ɗaya yake yi. Ya karɓi yaro, ya gyara masa zani, sai ya sunkuyar da kai ya kai hanci tsakiyar kansa, ya lumshe ido. Maƙwabciya ta yi, yayanta ya yi, Doguwa ta yi har ta ce a saka mata shi a kwalba ta tafi da shi. Har Farfesa, shugaban ɗakin bincikensu, dattijon da ba a cika ganin haƙoransa ba, sai da ya shaƙa ya yi murmushi shi kaɗai.

In baƙi sun watse, Dakta kan ɗauke shi ta yi yadda suka yi. Tana jin laushin gashin a leɓenta, tana jin ɗumin kan, tana jin wajen nan mai taushi yana bugawa a hankali. Daga nan sai babu. Kamar an miƙa mata kofi kowa na cewa a sha da zafi, ta kai baki ta tarar ba komai a ciki.

Wata safiya Mai Firiji na ɗaura agogo zai fita, ta miƙa masa yaron.

"Faɗa min yadda yake."

"Wane?"

"Ƙanshinsa."

Ya sunkuya ya shaƙa, ya ɗago, ya sosa ƙeya. "Daɗi gare shi."

"Wannan ba bayani ba ne."

"To, kamar burodin da aka fito da shi yanzu. A'a. Kamar madara, amma ba madara ba. Kin san in an shanya kaya rana ta buge su, aka kwaso da yamma?"

"Wanne ne a ciki?"

"Duka. Ko kuma ba ko ɗaya." Ya dube ta, ya ga ba dariya take ba. "Ni fa mai firiji ne, Dakta. Warin gas na sani, da na wayar da ta ƙone."

"Sake gwadawa."

Ya sake. Ya makara aiki ranar, kuma bai samo kalmar ba.

Mama ta ji labarin hancin tun zuwanta, amma ta ɗauke shi cikin ƙananan abubuwan da masu ciki ke fama da su. Sai ranar da ta fita sayen magani. Dakta ta ɗora shinkafa, ta shiga ɗaki ta tura ƙofa tana shayar da yaro, ta shagala da kallon kunnensa. Abin da ta ji kawai shi ne salatin Mama a falo. Ta fito ta tarar hayaƙi ya cika gidan, tukunya ta yi baƙi ƙirin, Mama na kashe gas tana tari.

"Ke wace irin uwa ce? Gida na ci da wuta kina kwance da jinjiri! Ko mutanen titi sun ji ƙauri!"

"Mama, ban ji ba."

"Ba ki ji ba kamar yaya?"

"Ba na jin komai, Mama. Ko hayaƙi, ko abinci." Ta dubi yaron da ke kafaɗarta. "Ko shi."

Mama ta tsaya da tsumma a hannu. Ta buɗe tagogi, ta jiƙa tukunya, ta ɗora wata shinkafar da kanta. Da yamma tana shafa wa yaron mai, Dakta na zaune gefe, ta ce a hankali, "Ashe da gaske ne, 'yar nan. Ki yafe ni."

"Ba komai, Mama."

"Zai dawo, in sha Allahu. Allah dai ya sa ya dawo da wuri, don abin ba ya daɗewa. Da sun fara cin abinci, shi ke nan, ya tafi. Uban nan nasa, na tuna nasa har yau, amma in kin ce in faɗa miki, ba zan iya ba."

Lallashi Mama ta yi nufi. Dakta kuwa abu ɗaya ta ɗauka daga maganar: akwai wa'adi. Washegari Mai Firiji ya kafa na'urar jin hayaƙi a rufin kicin.

Likitan hanci ya leƙa da 'yar fitilarsa, ya ce hanya a buɗe take, ba kumburi, ba komai. Ya fara yi mata bayanin cewa ƙwayoyin jijiyar da ke can saman hanci na cikin 'yan kaɗan da ke sake tsirowa.

"Na sani, likita. Aikina ke nan."

"To kin huta da ni."

"Abin da ban sani ba shi ne yaushe."

"Wasu 'yan watanni. Wasu shekara, ko fiye. Wasu kuma..." Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce ta sami ƙananan kwalabe ta zuba ɓawon lemo, da kanumfari, da kofi, da sabulu, ta riƙa shaƙa safe da yamma tana ƙoƙarin tuna yadda suke. Ta jera su a kan taga. Ɓawon lemo ta tuna shi, kofi ma haka. Abin da take nema kuwa ba ta taɓa jinsa ba, balle ta tuna.

Hutun haihuwa ya ƙare, ta koma aiki. Doguwa ta tarye ta tun daga matakala. Ashe Doguwar ta ci gaba da haɗa tsutsotsin a bayanta, kuma an dace, ga faranti ɗauke da waɗanda ba su da ko ɗaya cikin dangin nan uku. Suna da rai, suna ci, suna yin ƙwai. Suka shirya gwaji a ranar. Da suka buɗe farantin lafiyayyu, an taru a wajen ɗigo kamar kullum. Da suka buɗe ɗayan, tsutsotsin sun watsu ko'ina, sawunsu ya zana daskararren ruwan da suke tafiya a kai, wasu ma sun bi ta gefen ɗigon sun wuce abinsu.

Doguwa ta yi tsalle ta rungume ta. Farfesa ya zo ya leƙa, ya gyara tabarau, ya ce, "A maimaita." A wajensa wannan guɗa ce.

Dakta ta ɗauki ɗaya da siririyar waya ta kai ɗakin babban madubi. An riga an sa wa ƙwayoyin jin ƙanshin alama mai haske, don haka da ta kunna fitila sai ga su kore shar a cikin duhun madubin, kowacce a wurinta, zarenta ya miƙe har bakin kai. Ba abin da ya karye, ba abin da ya ɓata. Suna nan, ba su dai ji. Ta daɗe a zaune, har Doguwa ta ƙwanƙwasa ta ce wasu na jiran madubin.

A makon ne ta ɗauki hular Dunƙule. Wata shuɗiya ce ta ulu da yake kwana da ita, ba a wanke ba. Ta sa ta a leda mai zip, ta matse iskar, ta sa a wata ledar, ta kai wurin aiki. Babban firijin yana daskarar da abu fiye da duk ƙanƙarar da mutum ya sani, sai da safar hannu ake taɓa cikinsa. Ta ja aljihun ƙasa, ta tura ledar bayan akwatunan tsutsotsinta. Ta san ba a ajiye ƙanshi haka. Da ɗalibi ne ya kawo mata wannan shawara da ta yi masa dariya. Ta rufe ƙofar duk da haka.

"Wai ina hular mijina shuɗiya?" Mama ta yi ta tambaya. Ta ɗaga katifa, ta zazzage kwandon wanki. Dakta ta taya ta dubawa ƙarƙashin kujera.

Ba a jima ba firijin ya sake kuka. Ranar hutu ce da rana, aka kira kowa, aka kira Mai Firiji. Ya kwanta a ƙasa ya leƙa injin, ya ce aikin zai ɗauki lokaci, a kwashe komai a kai firijin hawa na biyu. Aka yi layi ana miƙa akwatuna cikin sauri, hayaƙin sanyi na zubowa ƙasa. Doguwa ce a bakin ƙofa. Ta ja aljihun ƙasa, ta zaro leda ta ɗaga ta sama.

"Wannan kuma wace irin tsutsa ce?"

Ulun ya yi fari da ƙanƙara, amma shuɗin na nan. Dakta na tsaye a layi da akwati a hannu. Farfesa ya dubi ledar, ya dubi rufi. Mai Firiji ya taso daga ƙasa yana goge hannu a wando, ya karɓi ledar, ya juya ta sau ɗaya, ya ɗora ta a kan akwatin da ke hannun matarsa.

"Wannan a fara sauka da shi," in ji shi. "Ba ya son zafi."

Ya koma ƙarƙashin injinsa. A mota suna komawa gida bai ta da maganar ba, sai da suka tsaya a danja ya ce, "Mama fa har yanzu mai wanki take zargi." Ta kifa kai a gwiwa tana dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ya ɗora hannu a bayanta har motar baya ta yi musu hon.

Aikin ya ci gaba da kyau. Suka mayar da ɗaya tak daga cikin dangin, a ƙwayoyin jin ƙanshi kaɗai, sai ga tsutsotsin sun kama hanyar ɗigo kamar ba su taɓa ɓata ba. Ko wanne aka mayar cikin ukun, ya isa. Ta ba Mai Firiji labari suna cin abinci, abincin da a bakinta gishiri ne kawai da laushi.

"Tsaya," in ji shi. "Kin cire abu, sun daina ji. Kin mayar, sun ji."

"Haka ne."

"Mutum ma yana da irin abin nan?"

"Yana da, da yawa ma."

"To a mayar miki mana."

"Ai ni ba a cire min ba. Cuta ce ta shiga ta yi ɓarna, ban kuma san me ta taɓa ba. Tsutsa na sani, ita ma ɗan gefe kaɗan."

"Duk karatun nan?"

"Duk karatun nan."

Mama, da ke goye da yaro tana sauraro, ta ce, "To Allah ya ba tsutsa lafiya." Har Dakta sai da ta murmusa.

Dunƙule ya fara zama, haƙori ya leƙo, Mama ta fara murza masa ayaba da cokali. Dakta ta kalli cokalin farko yana shiga bakinsa, ta tashi ta shiga ɗaki ta gyara gadon da yake a gyare.

A cikin kwanakin ne wata safiya ta ɗaga kofin shayi sai wani abu ya doki hancinta. Ta kusa sakin kofin. Ta ƙwala wa Mai Firiji kira, ya fito da kumfa a gemu.

"Na ji! Na ji wani abu!"

"Me kika ji?"

Ta sake shaƙa. "Taya. Kamar ana ƙona taya."

"Shayi ne fa."

Ta ruga taga ta buɗe kwalaben. Ɓawon lemo, ƙonannar taya. Sabulu, ƙonannar taya. Ta tsaya a bakin gadon yaron ta daɗe kafin ta sunkuya. Ta ɗago da sauri, hannu a baki.

Likita ya ce albishir ne, jijiyoyin sun fara tsirowa, ba su dai gane hanyarsu ba tukuna. Ta yi masa godiya. Watannin da suka biyo baya sun fi na shirun wuya. Albasa na soyuwa sai ta fita baranda. Ta rame. In za ta shayar da Dunƙule sai ta kau da fuska wajen bango tana numfashi ta baki, shi kuwa ya kai lokacin da yake son ido, sai ya miƙa hannu ya kamo haɓarta yana jawowa. Ta juyo, ta yi masa murmushi, ta riƙe numfashi iya ƙarfinta, ta sake juyawa. Mama ta gani sau da yawa. Ba ta yi faɗa ba, sai dai in ya ƙoshi ta miƙo hannu.

"Kawo min mijina. Je ki sha iska."

Dakta kan tsaya a baranda tana jin su ta taga, Mama na masa waƙa, shi yana ƙyalƙyala dariya. Da can ba ta jin komai amma tana iya manna fuskarta a wuyansa har ya yi barci. Yanzu wannan ma kewarsa take yi.

Wata rana da azahar, ɗakin bincike ba kowa sai su biyu, ta sa safar hannu ta zaro ledar. Ta bar ta a kan tebur har ƙanƙarar ta narke, sannan ta tura wa Doguwa.

"Shaƙa min. Ki faɗa min gaskiya."

Doguwa ta zuge zip ɗin, ta kai hanci, ta daɗe. Ta sake shaƙa ta ɗaya gefen. Dakta na kallon fuskarta, ta ga lokacin da ta yi niyyar yin ƙarya, ta ga lokacin da ta fasa.

"Warin leda ne, ƙawata. Da na firiji."

"Nasa fa? Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Dakta ta gyaɗa kai. Ta ninke hular ta sa a jaka, ta koma kan madubi, don akwai tsutsotsin da suka cinye abincinsu suna jiran a sauya musu faranti. A gida ta wanke hular ta shanya. Mama ta gan ta a igiya ta riƙe baki.

"A ina kika same ta?"

"A wurin aiki."

Mama ta dube ta, ta dubi hular. Ta gwada wa yaron, ko rabin kansa ba ta rufe ba. Ta ce a ajiye wa ƙaninsa.

Suka rubuta sakamakon aikinsu, aka dawo musu da shi da tambayoyi, suka ƙara gwaji, aka karɓa. Dunƙule ya yi rarrafe, ya kama kujera ya miƙe, ya fara tafiya yana ware ƙafa. Aka yaye shi. Wata la'asar Mama ta kamo shi daga tsakar gida ta shaƙi kansa ta yamutsa fuska, ta ce, "Mijina ya zama ƙato, sai warin ƙasa da zufa. Na fasa auren." Aka yi dariya, Dakta ma ta yi. Ba wanda ya ce mata ƙanshin ya wuce, ba ta kuma tambaya ba. Warin tayar ya riƙa raguwa a hankali har ya zama sai jefi-jefi, duniya ta koma ba ƙanshi ba wari. Ta ci gaba da buɗe kwalabenta safe da yamma kamar mai shan maganin da ta daina sa wa rai.

Ran nan da yamma Mai Firiji ya dawo da jakar kayan aiki a kafaɗa da ledar burodi a hannu. Ta tarye shi a ƙofa ta miƙa hannu za ta karɓi ledar, ya sunkuyo zai cire takalmi, ƙirjin rigarsa ya gifta ta gaban fuskarta. Ta tsaya cak. Ba taya ba ce. Wani abu ne busasshe, mai ɗaci, mai ɗan zaƙi a ƙarshe, kuma ta san shi, ta san sunansa.

Ta saki ledar, ta kama rigar da hannu biyu.

"Ka koma shan taba."

Ya daskare da takalmi ɗaya a ƙafa. Kafin aurensu yana sha, ita ta sa ya bari, ya rantse mata a gaban yayanta.

"Wa ya faɗa miki?"

"Ba wanda ya faɗa min."

"Dakta, kara ɗaya ne, a shago, in kai ya ɗau zafi. Tun lokacin da kike ta ramewa ne, na rasa yadda zan yi. Na so in faɗa miki, sai na ga ai ba za ki..." Ya dubi hannayenta a rigarsa. "Tsaya. Ji kika yi?"

Ta tura fuskarta cikin rigar ta ja numfashi har ƙirjinta ya cika. Tabar na nan. A ƙarƙashinta akwai wani abu kamar man inji, yana zuwa yana ɓacewa. Ta sake ja, tana tsoron kar ya gudu. Kafaɗunta suka fara rawa, shi kuma ya rasa inda zai sa hannu, don bai san ko kuka take saboda fushi ba ko saboda wani abin.

"Lafiya?" Mama ta ɗaga murya daga falo. "Me kuke yi a bakin ƙofa?"

"Lafiya lau, Mama," in ji shi. Ya sunkuyo ya rage murya. "Don Allah kar ki faɗa mata. Bari in je in cire rigar, in yi wanka."

"Kar ka cire."

"Ba ki yi fushi ba?"

"Na yi," in ji ta, muryarta na fitowa daga cikin rigar. "Gobe za mu yi faɗan. Tsaya a nan tukuna."

Ya tsaya, jaka a kafaɗa, takalmi ɗaya a ƙafa.